Tabarma da Sashe na Tara

Ilori,
8 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Kawu Ladan, Shugaban Ƙungiyar Masu Albasa ta Gindin Tsamiya, Aliero.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan an yi Sallah lafiya, kai da Inna Dije da duk mutanen gida. Yaya gwiwar nan taka? In har yanzu kana hawa kan buhu da ita kana yi wa masu lodi tsawa, to likita ba shi da laifi. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Kawu, ka zauna tukuna kafin Malam Joel ya karanta maka layin da ke biye. An ba ni kujerar Farfesa! Ni Hamdiyya, wadda kake ɗorawa a gaban keke ka kai makarantar Danwarai tana kuka. Ranar Alhamis takardar ta fito. Na karanta ta sau uku a tsaye, na zauna, na sake tashi. Hannuna ya kai kan waya ya fi sau goma, sai in tuna ka haramta a faɗa maka babbar magana ta waya, wai iska ke kwashe ta. Haka na danne zuciyata har Ammar direba ya sauke albasarku a kasuwar nan, don in ba shi wannan wasiƙa ya kawo maka.

A al'adar jami'a, wanda ya zama farfesa yakan tsaya gaban jama'a sau ɗaya a rayuwarsa ya faɗi abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema. Tawa laccar ranar 29 ga Mayu ce. Shekara ashirin ina bincike a kan Kundin Tsarin Mulki da dokar da ke tsare mutum daga masu iko da shi, na rubuta littafi biyu, kuma duk a kan magana ɗaya suke: ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa. Abokan aikina suna jiran in fara da alƙalan Ingila. Ni kuwa da tabarmarku zan fara.

Zan gaya musu yadda kuke yi a gindin tsamiya idan an zargi ɗan ƙungiya. A shimfiɗa masa tabarma ya zauna, kowa ya tsuguna a ƙasa, ba mai cewa uffan sai ya gama ya naɗe gefenta da hannunsa, kuma mai ƙara ba shi ke yanke hukunci ba. Ina 'yar shekara tara na ga an yi, tun ban san akwai wani abu wai shi sashe na talatin da shida na Tsarin Mulki ba.

Don haka ka zo, ka zauna a layin gaba, kuma ka zo da tabarmar kanta. Malam Joel, na san kai ke karantawa: akwai kujerarka da ta matarka Madam Agnes. Kai ka koya mini haɗa baƙi a aji ɗaya, ba za ka tsere wa abin da ka jawo ba.

'Yarka,
Hamdiyya

*

Aliero,
15 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga ɗiyata Farfesa Hamdiyya,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, gwiwa ta yi sauƙi tun da wagga takarda ta shigo gida. Allah mun gode maka! Dije ta yi guɗa har maƙwabta sunka shigo suna tambaya ko haihuwa anka yi. Na ce awo, an haifi Farfesa. Da ma iyayenki na raye su gani. Allah shi jiƙan su.

Washegari na tahi Jega na yanko shadda fara, na kai wa tela, na ce babbar riga nike so wadda in na ɗaga hannu mutanen Ilori za su san Aliero ta iso. Mutanen Sabiyal da na Gehuru sun ce sai sun cika mota. Ki hwaɗa wa masu jami'a su ƙaro kujeru.

Za ki ga rubutun ya sake. Dije ta rubuta, da abin da ta samo ajin yaƙi da jahilci, don Malam Joel ba shi tare da mu yanzu. Kuma wanga labari zai yi miki daɗi, don da aikinki munka yi shi.

Kin san tun da ya bar koyarwa shi ne sakatarenmu, shi ke rubuta layin mota, wa zai yi lodi yau, wa zai yi gobe. To sati biyu da sunka wuce layina ne. Na fiddo albasata daga rudun ajiya, an cika buhuna, sai na iske mota ta tashi da kayan wani Aliyu na Maiyama, wanda ko ɗan ƙungiya ba shi ne ba. Albasata ta yi kwana huɗu a rana. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai na tuna da tsarin mulkin da kinka rubuta muna kina aji uku na jami'a, wanda munka ajiye cikin akwati tamkar takardar gona. Na sa anka karanta mani. Sashe na tara ya ce Shugaba na da ikon dakatar da duk wanda ya saɓa wa ƙungiya nan take, kuma hukuncinsa shi ne na ƙarshe. Nan take kuwa na yi! Ko rabin sa'a ba a ɗauka ba. Na karɓe littafin layi, na ce ya tahi gida.

Dattijonmu Baba Manu na Danwarai ya ce, "Ladan, ba a shimfiɗa mai tabarma?" Na ce, "Baba, wanga zamani na takarda na. Ɗiyarmu lauya ta rubuta, mi tabarma za ta ƙara?" Yanzu ga shi kin zama Farfesa, kowa ya ga ba ƙaramar takarda na bi ba.

Tabarma kam tana nan rataye cikin shago, mun daɗe ba mu sauke ta ba. Zan kakkaɓe ta in taho da ita, tunda tarihi kike so. Amma ki hwaɗa musu mun ci gaba.

Kawunki,
Ladan

Hamdiyya, ni ce Dije. Rubutun ya karkace, ki yi haƙuri. Barka, barka, ɗiyata. Sauran magana sai wani jiƙon.

*

Tashar manyan motoci, Ilori,
22 ga Afrilu, 2025

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Ammar ya riga ya tayar da mota, a kan gwiwata nake rubutu. Na karanta wasiƙarka. Ka ce wa tela ya dakata da rigar nan, mutanen Sabiyal da Gehuru ma kada su nemi mota tukuna. Yadda abubuwa suke, ban ga da wane ido zan tsaya a gaban mutane in nuna ka a layin gaba ba. Don Allah a aiko mini da takardar nan ta ƙungiya, ita kanta, da motar farko. Zan yi cikakken bayani.

Hamdiyya

*

Aliero,
6 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Hamdiyya,

Ina gaishe ki, ina gaida aiki. Ni ce Innarki Dije, kuma wannan karon ba wanda ya sa ni. Lafiyar jiki kam muna da ita.

Ɗiyata, me kika rubuto haka? Sau biyu na karanta masa, ya ce in sake. Da na kai wurin "da wane ido", sai ya ce, "Ya isa. Ta ji kunyata. Ta tuna warin albasa nike yi." Na ce ba haka take nufi ba, ya ce to me take nufi? Ya hau babur da gwiwar nan har Jega, ya karɓo shaddarsa an riga an yanka ta, ya cusa a ƙarƙashin gado. Kin kira wayata sau biyar, ina gani, shi ya hana ni ɗauka. Wai wadda ta kore shi a rubuce ta dawo da shi a rubuce. Kin san halin kawunki. A kasuwa yana ta fara'a yana cewa an ɗaga ranar ne, a gida kuwa tuwo ma sai na yi da gaske.

Ga takardar na ciro daga akwati ba da saninsa ba. In ya tambaya zan ce ni ce, ba yau muka fara ba.

Sai maganar da na ce sai wani jiƙon. Agnes ta zo wurina ranar Lahadi bayan sun taso daga coci. Shekara talatin muna tare da matar nan, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ta ce Malam ba ya fita. Da safe yakan sa rigarsa ya soke biro a aljihu, sai ya tuna, ya koma ya zauna. Ba korar ta fi yi masa ciwo ba. Ya ce ya ga an shimfiɗa wa mutum goma sha ɗaya tabarma a gindin tsamiyar nan, har da wanda aka kama da buhun wani a ka, amma shi da ya koyar da rabin 'ya'yan kasuwar ba a ga ya kai ba. Ya ce ashe har yanzu baƙo ne. Sun fara ɗaure kaya, wai ƙarshen wata za su koma garinsu.

Na tambayi Agnes dalilin da ya sa ya ba mutumin Maiyama layi. Ta ce ya ce ba zai faɗa a tsakar gida ba, wurin faɗarsa daban ne, kuma ba a kira shi wurin ba.

Ki rubuto da sauri, kuma ki rubuta yadda tsoho zai gane.

Innarki,
Dije

*

Ilori,
10 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Kawuna, wanda ya riƙe ni,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai laifi, ina fatan gwiwa da sauƙi duk da hawan babur ɗin da na ji an yi. Inna, don Allah ki karanta masa a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Kawu, kunyarka? Ni? Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajina ya san da albasar Aliero aka yi mini karatu, don da bakina nake faɗa a ranar farko. In ka ga dama ka shigo zauren da buhu a ka, ni zan sauke maka. Na yi gaggawa a tasha na rubuta magana rabi, ka yafe mini. Kunyar da na ji tawa ce.

Takardar tana gabana. Rubutuna ne, da sa hannuna mai ƙatuwar wutsiya irin na 'yar aji uku da ke ganin ta gama sanin duniya. Na tuna yadda aka yi. Kun ce hukuma na son ƙungiya ta kawo tsarin mulki a rubuce kafin a yi mata rajista. Na shiga ɗakin karatu, na samo na wani kulob, na kwafe, na canza suna. Shafi shida, Kawu, ban ambaci tabarma ko sau ɗaya ba. A lokacin gani nake abin da ba a buga da keken rubutu ba, ba doka ba ne. Na ɗauki abin da kakanninmu suka gina, na bar shi a waje, na miƙa maka sashe na tara. Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan sashen yau, da jan biro zan bi shi daga sama har ƙasa.

Ka tuna ranar da aka kawo wa mahaifina takardar sallama daga ofishinsu? Kai ka raka shi. Sau bakwai kuna zuwa, ba wanda ya ce masa zauna mu ji. Har ya rasu yana cewa, "Da sun tambaye ni." Wannan kalmar ce ta kai ni karatun shari'a, ita ce digirina na uku, ita ce kujerar nan da ake ta yi mana barka. Sai ga shi takardar da na rubuta da hannuna ta yi wa malamina abin da aka yi wa ubana. Kwana biyu ban iya shiga aji ba.

Ban ce Malam Joel yana da gaskiya ba. Ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, kuma matsalar ke nan. Wataƙila in ya yi magana ku ga ya cancanci kora. Amma a sauke tabarmar nan a shimfiɗa masa. Kuma tunda albasarka ce ta sha rana, kai mai ƙara ne, ba kai za ka yanke ba. Ka bar wa Baba Manu. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne ga mutumin da kasuwa ke tashi in ya shigo.

In an yi haka, ko me hukuncin ya zama, ka zo da rigarka da motocinka biyu. In ba a yi ba, zan tsaya ranar 29 in yi magana a kan alƙalan Ingila kamar kowa, don ba zan ɗaga wa mutane tabarmar da aka hana malamina zama a kai ba. Ranar da na fi ɗoki a rayuwata tana hannunka. Sun ce ƙarshen wata za su tashi, lokaci ya ƙure.

'Yarka har kullum,
Hamdiyya

*

Aliero,
20 ga Mayu, 2025

Zuwa ga ɗiyata Farfesa,

Wa alaikumus salam. Kin ga rubutun, ba sai na hwaɗa miki wa ya riƙe biro ba. Muna lahiya, an yi yayyafin farko shekaranjiya, kowa na ta rufe rudu.

Takardarki ta yi kwana uku cikin aljihuna. Na yi fushi da ke, na yi fushi da Dije ɓarauniyar akwati, daga baya na rasa wanda zan yi fushi da shi. Maganar ubanki ta kayar da ni. Ni na riƙe mai takalmi a ƙofar ofishin nan.

Ranar Asabar da hantsi na sauke tabarma da kaina. Ɓera ya ci gefe ɗaya. Na kai wa Baba Manu, na ce shi shimfiɗa, ni mai ƙara ne. Ya dube ni ya ce, "Yau wace rana?" Na tahi gidan Malam na yi sallama, na iske kwalaye a ɗaure. Na ce ana kiran shi gindin tsamiya. Ya shiga ɗaki ya fito da biro a aljihu.

Ɗiyata, kasuwa ta cika har mahauta sun bar rumfa. Malam ya zauna, munka tsuguna, ni da gwiwata. Ga abin da ya ce, na sa shi rubuta da bakinsa:

"Albasar da na sa a gaba ba ta Aliyu na Maiyama ba ce. Ta ƙanwarsa Asabe ce, matar marigayi Umaru na Sabiyal, ɗan ƙungiyar nan da muka binne kafin azumi. Tana takaba, ba ta fita, shi ya sa wanta ya kawo. Ranar da na karɓi littafin layi, mahaifin Shugaba ya ce mini, kayan mai takaba ba ya bin layi, kuma ba a shelanta sunanta a kasuwa. Ba a rubuce yake ba. Na nemi Shugaba a ranar in sanar da shi, ya tafi ɗaurin aure Gehuru. Da ya dawo na buɗe baki, ya ce sashe na tara."

Malam ya naɗe gefen tabarma. Ubana ya kafa wagga ƙa'ida, ni na manta ta, malamin makaranta ya riƙe muna ita. Baba Manu ya ce a mayar mai da littafinsa. Mutane sunka fara tashi, sai na ce a dakata, ban gama ba. Na buɗe tabarma na zauna a kai. Shekara goma sha tara ina Shugaba, ban taɓa sanin haka take da tauri ba. Na ce na yi ƙara, na yi shari'a, na yi hukunci ni kaɗai, a yi mani abin da ya dace. Baba Manu ya ce hukuncina shi ne in kwance kwalayen Malam da hannuna. Na kwance. Agnes na tsaye tana nuna mani inda kowane kwano ke zama, kuma ba ta yi mani sauƙi ba.

To yanzu sai shiri! Tela ya ce zai gama ranar Juma'a ko da zai bar aikin kowa. Mota biyu ba ta isa ba, uku ta. Za mu biya Maiyama mu ɗauki Aliyu. Dije ta soya miki yaji da man shanu. Tabarma na gaban mota tare da ni, ban yarda a ɗora ta bisa kaya ba, kuma na hana a gyara inda ɓera ya ci. In kin nuna ni a layin gaba, kada ki ce ga mai adalci. Ki hwaɗa musu yadda anka yi duka, da nawa da naki. In kin ɓoye, zan tashi da babbar rigata in hwaɗa da kaina.

Sai mun iso.

Kawunki,
Ladan

Hamdiyya, malaminki ne. Na gode, sauran sai na gan ki. Ƙungiya ta ce a sake tsarin mulki, kuma an ba ni tsohon in duba. Na karanta shafi shidan nan da jan biro. Rubutu mai kyau, tsabta ba laifi. Na ba ki huɗu bisa goma. Zan zo miki da shi ranar 29, in kin sauka daga mumbarin Farfesa ki zauna ki sake.

Joel